Antoni Lewenhuk: Mai Sayar Da Yadi Da Ya Leƙa Dattin Haƙori

Ko kin san me ya sa wani gyambon ke ƙin jin magani duk allurar da aka sha? Tarihin mutumin nan zai ba ki haske.

An haifi Antoni Lewenhuk a garin Delft na ƙasar Holan a shekarar 1632. Bai yi jami'a ba. Yana ɗan shekara 16 aka kai shi Amstadam koyon sana'ar yadi, daga baya ya koma gida ya buɗe nasa kanti. Masu yadi a lokacin kan duba kyawun saƙa da gilashin ƙara girma. Shi kuwa sai ya shiga haɗa nasa gilasan da hannunsa, har ya samu mai ƙara girman abu fiye da sau 200. Daga 1673 ya fara aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan wasiƙu kan abin da yake gani, a 1680 suka ɗauke shi mamba.

A 1683 ya kankaro farin dattin da ke maƙale a haƙoransa, duk da kullum yana goge su da gishiri. Da ya duba, sai ga ƙananan halittu ba adadi suna ta motsi. Su ne yau muke kira ƙwayoyin bakteriya. Ya kurkure baki da ruwan khal mai ƙarfi, ya sake dubawa, ya tarar na cikin dattin suna nan da ransu. Amma da ya gauraya ɗan dattin da khal ɗin kai tsaye, take suka mutu. Sai ya fahimci cewa na sama-sama kawai kurkurar ta kashe.

To 'yar'uwa, sai wajen shekarun 1970 masana suka gane nauyin wannan magana. Ƙwayoyin kan taru su manne a wuri guda, su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai tare magani, wasunsu kuma su yi lamo a ciki har ƙarfin maganin ya wuce. Ana samun wannan yauƙi a robar fitsari ta asibiti, da gyambon mai ciwon suga, da santsin cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. Idan kuma ana yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, masu taurin kan ne ke tsira su hayayyafa. An ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Lewenhuk ya rasu a 1723 yana da shekara 90. 'Yarsa Mariya, wadda ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'yansa, ita ta kula da shi har ƙarshe.

Don haka kurkure kaɗai ba ya isa, sai an dirje. Ki riƙe asuwaki da buroshi, ki cuɗe randa da kwalbar madarar jariri, ki kai gyambo asibiti a wanke shi. Kada ki sayo wa yaro kafso a kemis don mura, kada kuma ki raba ragowar maganinki da maƙwabciya. Ki sha yadda likita ya rubuta miki. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.