Martin de Porres: Bawan Allah Mai Tsintsiya

An haifi Martin de Porres a birnin Lima na ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ranar 9 ga Disamba, 1579. Mahaifinsa, Juan de Porres, babban mutum ne daga ƙasar Sifen. Mahaifiyarsa, Ana Velázquez, baƙar mace ce daga Panama, baiwa da aka 'yanta. Babu aure tsakaninsu. Uban ya daɗe bai amince da yaron ba, ya bar Ana tana fama da shi da ƙanwarsa Juana cikin talauci.

Yana da kimanin shekara 12 aka kai shi koyon wanzanci. Wanzamin Lima na zamanin nan ya yi kama da namu: ban da aski, yakan fitar da jini, ya cire haƙori, ya ɗaure rauni, ya haɗa magani.

Da ya kai shekara 15 ya nemi shiga gidan sufaye na ƙungiyar Dominikan a Lima. Dokar lokacin ta hana baƙar fata da 'yan asalin ƙasar zama cikakkun 'yan ƙungiya, don haka aka karɓe shi a matsayin bara. Aikinsa shi ne shara, wanki, taimako a ɗakin girki da yi wa sufaye aski. Waɗansu sun riƙa yi masa gori saboda launinsa da yadda aka haife shi, amma bai rama ba, bai kuma ajiye tsintsiyarsa ba. A shekarar 1603 aka yarda ya ɗauki alkawarin zama ɗan'uwa a ƙungiyar. Bai taɓa zama firist ba.

Daga baya aka damƙa masa ɗakin majinyata, kuma a nan ya ƙarasa kwanakinsa. Hannun da ya wanke gyambon bawan da aka kawo daga Afirka, shi ne ya yi jinyar attajirin Sifen. An ba da labari cewa wata rana ya tsinci wani almajiri da miyaku duk jikinsa, ya kwantar da shi a kan gadonsa. Da wani ɗan'uwa ya tsawata masa saboda ƙazanta, Martin ya nuna masa cewa sabulu yana wanke bargo, amma rashin tausayi ya fi wuyar wankewa. Sa'ad da annoba ta faɗo, shugaban gidan ya hana shigo da marasa lafiya don kada sufaye su kamu. Martin ya yi biyayya, ya mai da gidan ƙanwarsa Juana wurin jinya. Yakan bi gidajen masu hali yana roƙo domin ciyar da matalauta, ya kuma taimaka aka kafa gidan marayu a Lima. Da dare, bayan aiki, sai ya duƙufa ga addu'a.

Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba, 1639, yana da shekara 59. Talakawa da manyan gari suka taru wurin jana'izarsa. A ranar 6 ga Mayu, 1962, Paparoma Yohanna na 23 ya sa shi cikin jerin tsarkaka. Masu zana hotonsa sukan sa masa tsintsiya a hannu.

'Yan'uwa cikin Kristi, a Yohanna 13 Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, a Matiyu 25 kuma ya koya mana cewa abin da muka yi wa mayunwaci da marar lafiya, shi muka yi wa. Sau da yawa rikicinmu a ekklesiya kan kujerar dattijo ne ko ta ma'aji, alhali gwauruwa tana kwance ba mai ɗebo mata ruwa. Matar zumunta da take kai kunu asibiti, da saurayin da yake share majami'a ran Asabar ba wanda ya gan shi, suna cikin hidimar da Martin ya yi shekara 45 yana yi. Ubangiji ya ba mu zuciya mai tawali'u. Amin.