Abdullahi Ɗan Umar: Ɗan Kasuwar Da Bai Bar Sallar Dare Ba Har Ya Koma Ga Allah

Duk wanda ya taɓa kwana a tasha yana jiran motar kaya, ko a Gema ta Paraku, ko a Jugu, ko a Malanbil, ya san yadda dare ke riskar ɗan kasuwa. An wuni ana ciniki, an yi lodi, an ƙirga kuɗi, jiki ya yi laushi, da an sallame Isha'i sai neman wurin shimfiɗa tabarma. Idan aka yi wa irin wannan mutum zancen tashi cikin dare domin nafila, amsar da ya saba bayarwa ita ce wannan aikin malamai ne da dattawan da suka ajiye fatauci. To, mutumin da muka kawo muku tarihinsa a yau ɗan kasuwa ne, ya sayar da raƙuma, ya sha tafiye-tafiye, amma ya shafe fiye da shekara 60 yana tsayuwar dare. Shi ne Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da shi da mahaifinsa.

Asalinsa

An haife shi a Makka wajajen shekarar 611 Miladiyya. Mahaifinsa shi ne Umar ɗan Haɗɗabi, Halifa na biyu, mahaifiyarsa kuma Zainab 'yar Maz'un. Nana Hafsatu, matar Manzon Allah (SAW), yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya musulunta tun bai balaga ba, ya kuma yi hijira zuwa Madina a shekarar 622.

A ranar yaƙin Uhudu ya gabatar da kansa yana ɗan shekara 14, aka mayar da shi gida saboda ƙuruciya. Sai a yaƙin Handaƙ aka yarda ya shiga sahu yana da 15. Daga nan ya halarci mubaya'ar da aka yi a ƙarƙashin bishiya a Hudaibiyya, da buɗe Makka a shekarar 630. Bayan wafatin Annabi (SAW) ya halarci yaƙin Yarmuk, har ma ya taka ƙasar Afirka cikin rundunar da ta je yankin da ake kira Tunisiya a yau, a zamanin Halifa Usman.

Mafarkin da ya canja masa dare

Lokacin da yake saurayi bai yi aure ba, a masallacin Madina yake kwana. A wancan zamani idan wani sahabi ya yi mafarki yakan ba Manzon Allah (SAW) labari, shi ma Abdullahi sai ya riƙa burin ya ga wani abu da zai bayar da labarinsa. Wani dare sai ya ga mala'iku biyu sun kama shi sun nufi wuta da shi. Ya gan ta a gine kamar rijiya, kuma a cikinta akwai mutanen da ya sani. Ya shiga neman tsarin Allah, sai wani mala'ika ya tare su ya kwantar masa da hankali, ya ce masa kada ya ji tsoro.

Da gari ya waye, yayarsa Hafsatu ya faɗa wa, ita kuma ta isar wa mijinta. Manzon Allah (SAW) ya yabe shi da cewa mutumin kirki ne, ya kuma nuna cewa abin da ya rage masa shi ne ya riƙa sallar dare. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan labari, kuma ɗansa Salim ya ce tun daga ranar mahaifinsa ba ya barcin dare sai kaɗan.

Abin lura a nan shi ne, saurayin nan ba mai saɓo ba ne, a cikin masallaci ma yake kwana, kuma yabonsa aka yi. Amma da aka tashi nuna masa abin da zai cika nagartarsa, sai aka nuna masa ibadar da babu mai ganinta. Shi kuwa ya riƙe wannan nuni kamar wasiyya.

Yadda yake raya darensa

Wanda ya fi ba mu labarin darensa shi ne Nafi'u, baransa da ya 'yanta, wanda ya yi masa hidima shekaru masu yawa. Abdullahi yakan yi ta salla, sai ya tambayi Nafi'u ko goshin asuba ya yi. Idan ya ce da saura, sai ya sake tayar da kabbara. Idan ya ce ya yi, sai ya zauna yana istigfari da addu'a har alfijir ya keto. An kuma ruwaito cewa yana da wani mazubin ruwa na dutse a kusa da shi. Yakan yi salla gwargwadon abin da ya samu, ya kwanta ya ɗan runtsa kamar barcin tsuntsu, ya tashi ya sake alwala ya ci gaba, sau huɗu ko biyar a dare guda. Idan kuwa jam'in Isha'i ya kuɓuce masa, to ragowar daren nan a kan sallaya zai ƙare shi.

Ta hanyarsa ne hadisin nan ya iso mana wanda ya koyar da cewa sallar dare raka'a bibbiyu ake yin ta, idan mutum ya ji tsoron ketowar alfijir sai ya rufe da raka'a ɗaya ta wutiri. Shi da kansa yakan yi sallama tsakanin raka'a biyu da ɗayar, har ma ya sa a yi masa wata hidima a tsakani. Yadda muke yin shafa'i da wutiri a ƙasashenmu na Malikiyya yana da tushe a nan.

Ga kuma abin da ya shafi matafiya kai tsaye. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa idan Abdullahi yana kan hanya ba ya haɗa farilla da wata nafila, kafinta ko bayanta, domin tafiya wuri ne na sauƙi. Amma sallar tsakar dare ba ya barin ta. Yakan yi ta a ƙasa idan an yi zango, ya kuma yi ta a bisa raƙumarsa duk inda ta sa gaba. Wato ko da tafiya ta sa ya sauke sauran nafilfili, wannan ɗaya tana nan cikin guzurinsa.

A cikin kasuwa

Da rana kuwa, Abdullahi mutumin kasuwa ne. Yana sayar da raƙuma a Madina, a tsayar da farashi da dinari ya karɓi dirhami, ko a tsayar da dirhami ya karɓi dinari. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya je ya tambayi Manzon Allah (SAW). Aka amsa masa cewa babu laifi matuƙar an yi lissafi da farashin ranar, kuma ba a rabu da sauran wani abu a tsakani ba. Littattafan Sunan sun kawo wannan. Wanda yake yanke ciniki da naira ya karɓi sefa a Cikanda, ko ya saya da sefa ya je ya sayar da naira, zai ga cewa tambayarsa an riga an yi ta tun ƙarni 14 da suka wuce.

Akwai wata shari'a da aka yi da shi wadda Muwaɗɗa ta adana. A zamanin da ake cinikin bayi, ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800. Daga baya mai sayen ya dawo ya ce akwai cutar da ba a faɗa masa ba, suka je gaban Halifa Usman. Halifa ya yanke cewa Abdullahi ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Sai ya ƙi rantsuwa, ya mayar da kuɗin ya karɓi bawan. Malamai sun bayyana cewa girman sunan Allah ne ya hana shi sanya shi cikin rikicin dirhami. Bawan ya warke a hannunsa, daga baya ya sayar da shi a kan 1,500. Sai mu auna wannan da yadda wallahi da tallahi suka zama kamar gishirin miya a bakinmu, a kan ribar da ba ta kai kuɗin shayi ba.

Wani lokaci kuma yakan fita kasuwa da safe ba don saye ko sayarwa ba. Ɗufailu ɗan Ubayyu, wanda ke raka shi, ya ga ba ya taya kaya, ba ya tambayar farashi, ba ya zama a majalisar 'yan kasuwa, sai ya tambaye shi amfanin fitar. Ya amsa masa cewa sallama ce ta fito da su. Ba ya wuce mai tallar tarkace, ko babban attajiri, ko miskini, sai ya yi masa sallama.

Dukiya ta shigo masa da yawa, amma ba ta daɗewa a hannunsa. An ruwaito ya rabar da dirhami 30,000 a zama guda, da wuya ya ci abinci babu maraya ko miskini a gefensa, kuma duk abin da ya ji ya fara shiga ransa daga cikin dukiyarsa sai ya bayar da shi saboda Allah. Shi kansa Nafi'u an taya shi da kuɗi masu tsoka, maimakon ya sayar sai ya 'yanta shi.

Ba za a iya raba wannan hali da wancan dare ba. Mutumin da ya saba tsayuwa gaban Ubangijinsa a lokacin da babu idon kowa, shi ne zai iya tsayar da mudu daidai a lokacin da mai saye ya juya baya.

Zamanin fitina

Haka kuma bai yi kwaɗayin mulki ba. Da aka soki mahaifinsa a shekarar 644, ya sa Abdullahi ya zauna da mutum shida da za su zaɓi sabon Halifa, bisa sharaɗin ba shi da rabo a cikin sarautar. Halifa Usman ya yi masa tayin alƙalanci, ya nemi a yafe masa. Bayan kashe Usman a shekarar 656, Musulmi suka zare wa juna takobi a yaƙin Raƙumi da na Siffin, shi kuwa ya kame hannunsa. An sha zuwa masa da tayin mubaya'a, yana ƙi, domin ba ya son a zubar da jinin kowa a kan kujerarsa. Ya zauna yana karantarwa da bayar da fatawa na kimanin shekara 60. Malaman hadisi sun ƙirga masa hadisai 2,630, babu wanda ya fi shi a cikin sahabbai sai Abu Huraira. Daga cikinsu akwai wanda Annabi (SAW) ya dafa kafaɗarsa ya umarce shi da ya zauna a duniya kamar baƙo ko mai ratse hanya, hadisin da yara ke haddacewa a cikin Arba'una.

Rasuwarsa

A aikin Hajjin shekara ta 73 bayan Hijira, bayan Hajjaju ɗan Yusufu ya ƙwace Makka daga hannun Abdullahi ɗan Zubairu, tsinin mashin wani daga cikin mutanen Hajjaju ya soki tafin ƙafarsa a Mina. Masu tarihi da yawa sun ce mashin na da guba. Da Hajjaju ya zo duba shi yana neman sanin wanda ya yi, dattijon ya gaya masa a gaban idonsa cewa shi ne sila, tun da shi ya sa aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, ya kuma shigar da shi Harami. Ciwon nan ne ajalinsa. Ya rasu a Makka a shekarar 693, yana da shekara 80 da 'yan kai.

Yadda iliminsa ya iso mana

Nafi'u ya karantar da Malik ɗan Anas a Madina, kuma ruwayar Malik daga Nafi'u daga Ibn Umar ita ce malaman hadisi ke kira sarƙar zinariya saboda ingancinta. Muwaɗɗa ta bi ta Misra da Ƙairawan da Andalus, ta ƙetare Sahara zuwa Tambutu da Katsina da Kano. Fataken goro da ke bin hanyar Gwanja, ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Salaga, sukan tafi tare da malamai a cikin ayarinsu, kuma a zangunan da suka kafa aka buɗe makarantun da ake karanta littattafan wannan mazhaba. Saboda haka idan ɗan kasuwa ya tashi ya yi shafa'i da wutiri a ɗakinsa a Zongo, yana kan sawun wannan bawan Allah ko da bai san sunansa ba.

Ba a ce kowa ya yi irin nasa ba. A farkon Musulunci an wajabta tsayuwar dare, bayan shekara guda aka mayar da ita nafila, kuma ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammil da ta kawo sauƙin ta ambaci masu tafiya a bayan ƙasa suna neman falalar Allah a cikin waɗanda aka yi wa rangwame, aka ce a karanta abin da ya sawwaƙa. Mahaifin Abdullahi ma, da ya nemi wani mutum a sallar Asuba bai gan shi ba, aka ce masa ya kwana yana salla ne barci ya rinjaye shi, sai ya nuna cewa halartar Asuba cikin jam'i ta fi masa tsayuwar dare gaba ɗaya. Direban da zai ɗauki rayukan mutane da safe kuwa, barcinsa haƙƙi ne a kansa.

Amma raka'a biyu kafin kiran assalatu ba su fi ƙarfin wanda ke iya tashi ƙarfe huɗu domin tarbar mota ba. Kaɗan da aka dawwama a kai shi ne aikin da Allah Ya fi so, kamar yadda Nana A'ishatu ta ruwaito. Abdullahi ya fara ne yana saurayi mai kwana a masallaci, bai kuma bari ba har ya tsufa idanunsa suka tafi.

Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ba mu ikon koyi da shi, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.