Farfesa Osuntokun, likitan da ya bi diddigin shanyewar ɓarin jiki a Najeriya

An haifi Benjamin Oluwakayode Osuntokun ranar 6 ga Janairun 1935 a garin Okemesi da ke Jihar Ekiti ta yanzu. Ya yi sakandare a Ado-Ekiti, daga nan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Ibadan, inda ya kammala karatun likita a 1961. Bayan haka ya tafi Ingila neman ƙwarewa a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a birnin Newcastle da kuma asibitin Queen Square na Landan. Ya zama farfesa a 1970 yana ɗan shekara 35.

Binciken da ya fara fito da sunansa a duniya a kan rogo ya yi shi. A yankin Epe na Jihar Legas an daɗe ana ganin wata cuta mai sa mutum tangaɗi in yana tafiya, ta rage masa gani da ji. Osuntokun ya auna jinin marasa lafiyar, ya duba abincinsu, ya danganta cutar da dafin sayanayid da kan rage a cikin rogon da ba a jiƙa aka sarrafa shi sosai ba, musamman ga talakan da ba shi da wani abincin sai shi.

Daga bisani ya karkata ga shanyewar ɓarin jiki. A wancan zamani alkaluman cutar a Afirka ba su taka kara sun karya ba, kuma mutane da dama na jingina ta ga iska ko jifa. Tsakanin 1973 zuwa 1975, shi da abokan aikinsa sun buɗe rajistar masu cutar a Ibadan ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sakamakon, wanda aka buga a 1979, ya nuna cutar na kama kimanin mutum 26 cikin kowane 100,000 a shekara. Rubuce-rubucensa sun kuma tabbatar da cewa hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ta a tsakanin 'yan Najeriya. Har yau masu nazarin cutar a Afirka na komawa ga wannan rajista in za su kwatanta jiya da yau.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Tunda an san cewa toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ce ke shanye hannu da ƙafa, to an san inda za a dosa: a riƙa auna jini tun ana lafiya, a garzaya asibiti da zarar baki ya karkace ko magana ta sarƙe, sannan a fara gashi da motsa gaɓoɓi da wuri, domin a watannin farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon abin da ta rasa. Magidancin Dorayi da ke ci da iyalinsa daga masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai, in ciwon ya kwantar da shi, gida guda ne ya kwanta. Sau da yawa makonnin da aka ɓata ana jiran sauƙi a ɗaki su ne ke raba wanda zai koma bakin aiki da wanda zai ƙare a kan tabarma. A Kano, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na kula da irin waɗannan marasa lafiya, Jami'ar Bayero kuma na horar da masu gashin ƙashi.

Osuntokun ya shugabanci tsangayar koyar da likitoci ta Jami'ar Ibadan daga 1974 zuwa 1978, ya kuma riƙe Asibitin Koyarwa na Ibadan daga 1985 zuwa 1990. A 1984 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa da ake bai wa fitattun masana. A ƙarshen rayuwarsa ya haɗa hannu da masanan birnin Indianapolis na Amurka wajen nazarin cutar mantuwa a tsakanin tsofaffi.

Ya rasu ranar 22 ga Satumban 1995 yana da shekara 60, ya bar maƙaloli sama da 300 da ɗimbin ɗalibai da suka ci gaba da aikin a asibitocin ƙasar nan.