Simon van der Stel

Simon van der Stel (14 ga Oktoba 1639 – 24 ga Yuni 1712) ma'aikacin kamfanin kasuwancin ƙasar Holan ne da aka fi sani da VOC. Ya mulki yankin Cape na Afirka ta Kudu daga 1679 zuwa 1699. Shi ne ya kafa garin Stellenbosch da gonar Constantia, wurare biyu da noman inabi na ƙasar ya yi saiwa a cikinsu.

Asalinsa

An haife shi a cikin jirgin ruwa a kan hanyar tsibirin Mauritius, inda aka tura mahaifinsa Adriyan ya zama gwamna. Kakarsa ta wajen uwa baiwa ce 'yar Indiya da aka 'yanta. Ya girma a Asiya, sannan ya koma Holan yana saurayi, ya yi aure a 1663.

Mulkinsa

Da ya isa Cape a 1679 a matsayin kwamanda, ya tarar ana matsar inabi tun 1659, amma giyar ba ta da inganci. A shekarar ya zaɓi wani wuri a bakin kogin Eerste, kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town, ya sa masa sunansa, ya raba wa Turawa gonaki. A 1685 aka mallaka masa filin Constantia a bayan Dutsen Tebur, ya dasa inabi masu yawa. Daga 1688 ya karɓi Faransawa 'yan gudun hijirar addini, ya zaunar da su a yankin da ya haɗa da kwarin da ake kira Franschhoek a yau. An ɗaga shi zuwa gwamna a 1691. A zamaninsa ne aka kawo Shehu Yusuf na Makassar gudun dole zuwa Cape a 1694.

Wannan bunƙasa ba ta zo a banza ba. Gonakin sun cinye makiyayar mutanen Khoikhoi, kuma bayi da aka kawo daga Madagaska da Asiya ne suka yi noman. Shi kansa, jikan baiwa, ya mallaki bayi a Constantia.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya ajiye aiki a 1699, ɗansa Willem Adriyan ya gaje shi. Ya rasu a Constantia a 1712, bayan haka aka raba gonar aka sayar. Giyar Constantia mai zaƙi ta yi suna a Turai, har ana kai wa Napoleon a tsibirin Saint Helena.

A yau masu yawon buɗe ido kan tashi daga Cape Town su ziyarci Groot Constantia, ko su bi hanyar gonakin inabi ta Stellenbosch da aka buɗe a 1971, su ɗanɗana giya, su ga tsofaffin gine-gine. Garin Simon's Town da dutsen Simonsberg sunansa suka ɗauka.