Eugene Houdry, Bafaranshen da ya ƙirƙiro indomin da ke cikin salansar motarka

In ka taɓa ratsa Sharada ko Challawa ko Bompai a kan babur, ba sai an gaya maka ka iso unguwar masana'antu ba, hancinka zai riga kowa faɗa. Cikin abin da kake shaƙa akwai tururin tina da fenti da gam da narkakkiyar roba. Ido ba ya ganinsu, amma suna sa ciwon kai da ƙaiƙayin ido, wasu ma, irin su benzin, suna jawo kansa. Akwai wani Bafaranshe da ya ƙarar da sauran rayuwarsa kan yadda za a ƙone irin wannan tururi kafin ya kai huhun mutane.

Sunansa Eugene Houdry, an haife shi a 1892 a garin Domont kusa da Paris. Injiniya ne, ɗan ƙwallo, kuma mayen tseren mota. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar tankokin yaƙi, aka ji masa mummunan rauni a 1917. Bayan yaƙi ya so ya samar wa Faransa fetur daga kwal, tunda ƙasar ba ta da man kirki. An gina masana'antar, kuɗin da take ci ya fi abin da take bayarwa, gwamnati ta janye hannu. A 1930 ya tattara ya koma Amurka.

A can ne ta fashe da shi. Ya gano cewa in aka bi da tururin ɗanyen mai ta kan wani irin yumɓu, yana farfashewa ya ba da fetur mai yawa kuma mai ƙarfi. A 1937 babban injinsa ya fara aiki a matatar kamfanin Sun Oil da ke Marcus Hook, kuma irin wannan fetur ya taimaki jiragen Ingila da Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Gwamnatin Vichy mai yi wa Hitler biyayya ta ƙwace masa takardar zama ɗan Faransa saboda ya fito fili ya soke ta.

Ga inda labarin ya fi burge ni. Mutum ya yi suna, ya yi kuɗi da fetur, sai ga rahotanni cewa hayaƙi ya turnuƙe birnin Los Angeles. Wani da sai ya toshe kunne. Shi kuwa ya yi imanin hayaƙin motoci da na masana'antu na da hannu a kansar huhu, sai ya buɗe kamfanin Oxy-Catalyst.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ka san mai dalilin aure? Yana haɗa mutum biyu, a ɗaura, shi ya koma gida yadda ya fito. To haka ƙarfen filatinum yake. Kafin tururin tina ya ƙone ƙurmus da wuta zalla, sai zafi ya doshi digiri 800. In aka bi da shi ta kan filatinum kuwa, a digiri 300 zuwa 500 yake haɗuwa da iskar oksijin, ya zama tururin ruwa da kabon dayoksaid. Ƙarfen na nan bai ƙare ba, man da za a ƙona ya ragu. Da bututun hayaƙin masana'antu ya fara, irin waɗanda kake gani a Sharada, sannan ya koma kan mota, ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1956.

Sai dai fetur ɗin wancan zamani ana zuba masa dalma, ita kuma dalma tana lulluɓe filatinum ta kashe aikinsa. Kamfanonin mota ba su karɓa ba. Houdry ya rasu a watan Yulin 1962 yana da shekara 70, bai ga ranar ba. Sai a 1975, bayan doka ta matsa kuma fetur marar dalma ya wadata, aka fara sa na'urar a yawancin sababbin motocin Amurka. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma, a 2021.

Ita ce fa abin da bakanikenka ke kira indomi, saboda cikinta ƙananan ramuka ne kamar busasshiyar taliya. Kusan duk tokunbo da ita take shigowa. A nan kuma sau da yawa yanke ta ake yi a sayar, wani da sanin mai mota, wani a ɓoye, don ana tatsar filatinum da faladiyom da rodiyom daga cikinta. Sai a yi wa salansa walda, mota ta koma titi tana ƙara tana wari, kai kuma kana bayanta a kan babur a danjar Ɗan Agundi.