Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: Sauƙin Kai da Sanin Halin Jama'a

An haifi Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a Maratta cikin ƙasar Gobir a shekarar 1754. Ya tashi a Degel, ya yi karatu wurin malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Daga baya ya shiga ƙasar Zamfara, ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi.

Abin da ya fara jawo masa zukatan jama'a shi ne gudun duniya. A taron Idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya ba malamai kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi tasa ba, sai ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ko bayan hijira zuwa Gudu a 1804, da cin Alƙalawa a 1808, bai gina fada ba. Sifawa ya koma, ya ci gaba da karantarwa da wallafa littattafai.

Hali na biyu shi ne sanin mutane, domin jama'arsa ba halinsu ɗaya ba. Ƙaninsa Abdullahi mutum ne mai tsanani a kan shari'a, har a 1807 ya bar rundunar ya nufi gabas saboda son duniya da ya gani ya fara shiga mutane. A Kano ya tsaya ya rubuta Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa gwanin siyasa ne da lallashi. Ga kuma mazajen fama irin su Aliyu Jeɗo da Namoda, shugaban Alibawa na yankin Zurmi, wanda garin Ƙaura Namoda ke ɗauke da sunansa.

Shehu bai tilasta musu su zama abu guda ba, sai ya ɗora kowa kan aikin da ya dace da shi. A 1812 ya danƙa wa Abdullahi yamma, Bello gabas. A cikin Najmul Ikhwani ya umarci almajirai su karanta littattafan Abdullahi don tsare zahirin shari'a, su karanta na Bello don sanin siyasar al'umma gwargwadon mutane da zamani da wuri. Wato saɓanin halinsu ya mayar da shi amfani ga jama'a.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Ɗansa Sarkin Musulmi Atiku ya rasu a Katuru, ƙasar Shinkafi, a 1842, shi kuma Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu a Ƙaura Namoda a 1891.

Duk mai riƙe da jama'a, hakimi ne ko shugaban makaranta ko na ofis, ya sani cewa wanda ya rage kwaɗayi ba ya tsoron mai faɗa masa gaskiya. Wanda kuma ya san halin mutanensa ba zai kori mai zafi don zafinsa ba, ba zai raina mai sanyi don sanyinsa ba. Allah Ya ba shugabanninmu wannan basira, amin.