Walter Noel: Baƙon Da Aka Fara Gane Amosanin Jini A Jikinsa

A unguwar Mafoni ta Maiduguri, kamar a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko, iyaye mata sun san yaron da kan kwana yana kuka da ciwon ƙashi idan sanyi ya sauko. Wannan shi ne amosanin jini, watau sikila. Mutumin da likitoci suka fara rubuta labarin cutar a kansa shi ma baƙo ne a garin wasu.

An haifi Walter Clement Noel cikin 1884 a tsibirin Giranada, can Yammacin Indiya. Baƙar fata ne, ɗan masu gonaki. Cikin 1904 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka don koyon aikin likitan haƙori a birnin Shikago. Ya sauka da gyambo a ƙafa, kuma kafin shekarar ta ƙare sai ga shi kwance a asibiti, numfashi na gagararsa.

Wani ƙaramin likita, Ernest Irons, ya duba jininsa da madubin likita. Maimakon jajayen ƙwayoyin jini masu kewaye, sai ya ga waɗansu sun lanƙwashe kamar lauje. Maigidansa, Likita James Herrick, ya buga labarin cikin 1910 ba tare da ambaton sunan majinyacin ba. Sai a 1989 masu bincike suka bayyana ko wane ne.

Abin da ke damun Noel yanzu an san shi. Lafiyayyar ƙwayar jini taushi gare ta, tana ratsa ƙananan jijiyoyi, takan kuma yi kwana 120. Mai siffar lauje kuwa tauri gare ta da danƙo, ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Sai ta manne a bangon jijiya ta toshe hanya. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ke tashi: a ƙashi azaba, a ƙafa gyambo, a ƙwaƙwalwa shanyewar jiki, a huhu kuwa sarƙewar numfashi.

Duk da yawan kwanciya asibiti, Noel bai bar karatu ba. Ya gama cikin 1907, ya koma gida ya buɗe wurin aikinsa a Sen Joj, babban birnin tsibirin. Ciwon huhu ne ya yi ajalinsa a watan Mayu 1916, yana da shekara kusan 32.

A zamaninsa babu magani, amma yau akwai. Ƙwayar hydroxyurea na rage toshewar jijiyoyi. Ana ba yara fenisilin da allurar rigakafi, ana tsare su daga zazzaɓin cizon sauro, sanyi da ƙishirwa. Ƙarin jini na kare yaro daga shanyewar jiki. Dashen ɓargo na iya warkarwa, sai dai tsada da wuyar samun wanda nasa ya dace. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri suna duba masu cutar.

Jama'a, cutar nan gado ce, ba sammu ba. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Saurayin da ke tara kuɗin aure a Kurmi, ya fara zuwa awon jini kafin a kai goro. Wanda kuma Allah ya ba ɗa mai sikila, kada ya cire shi daga makaranta. Noel da ciwonsa ya zama likita.